Jirgin Aro

Lahadi, bayan sallar Asuba

Da sunan Allah nake farawa, ko da yake abin da zan rubuta bai cancanci a buɗe shi da wannan suna ba. Jiya na kira Haula ɓarauniya a rediyo, duk ƙasar Dakoro tana saurare, alhali na san ba ta saci komai ba.

Haula ɗiyar Samba ce, makiyayi daga wajen Korahane, aminin marigayi maigidana. A ɗakina ta kwana duk shekarun da ta yi a kwaleji. Ni na koya mata Faransanci a aji, ni na koya mata tuƙin tuwo a gida. Inna take kirana. Yanzu ita ma tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, tana ɗakin mijinta, kuma tun lokacin ɗari ta soma karanta wani labari nata a rediyon garinmu duk Asabar bayan La'asar.

Labarin jirgi ne. Rijiyoyin duniya sun ƙafe, sai makiyaya suka kora dabbobinsu cikin wani jirgin ƙarfe mai girman gari, suka nufi wata tauraruwa. Tafiya ta yi nisa har jikokin jikoki suka manta cewa tafiya suke yi. Duk wanda ya yi wayo a garin nan ya san jirgin, domin maigidana, Malam, shi ne ya fara ba da labarinsa a wannan rediyon, har yara da manya suka laƙaba masa Mushe Mai Jirgi, da yake Mushe ake kiran malamin lakwal a nan. Ya rasu bai saukar da shi ba.

Jiya da aka buɗe layi ga masu saurare, na ɗauki salula na kira. Na ce, “Jirgin nan na mamaci ne. Wadda ta ci tuwonsa ta jira ƙasa ta rufe shi, sannan ta shiga ta ɗauke.” Na ji numfashinta a cikin mikro. Sai aka sa kiɗa.

Ni ce nake zaunar da matan unguwa a makarantar Islamiyya ina karantar da su babin tsare harshe.

Na yi wa Allah alkawari a sujadar ƙarshe ta sallar nan, kuma ina rubuta shi don kada gobe in rage masa nauyi. Kafin ruwan farko ya sauka zan je gidan rediyo, in zauna a kujerar da ta zauna, in faɗi magana biyu. Ta farko: Haula ba ta yi sata ba. Ta biyu: shi ma Malam aro ya yi, da bakina aka aro masa, saboda haka ƙarya na yi ina sane. Idan na faɗi ta farko na bar ta biyu, ban cika ba.

Litinin, da hantsi

Na sa hijabi, na kai bakin zaure. Rana ta yi zafi ƙwarai. Gobe zan je.

Laraba, bayan La'asar

Uwale ta zo. Ita ce mai gabatar da shirin, ita ce ta sa kiɗan ranar. Tsohuwar ɗalibata ce, kuma tun tana aji bakinta bai san hutu ba. Ta zauna a tabarma tana fifita da bakin gyale.

“Madam, wallahi da na ji muryarki a layi saura kaɗan in miƙe tsaye in ce ban yi aikin gida ba.”

Ban yi dariya ba. Na tambaye ta shirin.

“Daraktan rediyo ya tsai da shi. Ya ce ba ya son rigima da iyalin Mushe. Ni kuma an bar ni da sanarwar ɓatan awaki.”

Ta ce an zana jirgi a allon ajin Haula, an rubuta kalmar a ƙarƙashinsa da alli. Ta ce in Haula ta bi ta tasha, masu baro suna kama aljihunsu suna dariya. A garin da ake kasuwar dabbobi, wannan kalma ba ta wankuwa. Na fi kowa sanin haka, shi ya sa na zaɓe ta.

“Amma Madam, ki taimake ni da wata fatawa,” in ji ta. “Wani ya kira daga Azagor ya ce shi ya ga jirgin nan sak a wani fim cikin salula, sai dai mutanen ciki korra ne kamar ganyen yakuwa. Wani kuma ya ce a nashi fim ɗin barci suke yi cikin ƙanƙara. To su wa za mu kai jandarma? Ko duk Mushe suka yi wa sata?”

Wasa take yi, amma idonta yana kaina. Na ce mata Malam bai taɓa kallon fim a salula ba. Gaskiya ne wannan. Na lura kwanan nan na ƙware wajen faɗin gaskiyar da ba a tambaye ni ba.

Da za ta tafi ta tsaya tana neman takalminta, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Kin san dai yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce.”

Na sani.

Alhamis, Azahar

Matan makaranta sun yi mini sannu da ƙoƙari. Ɗaya ta ce Allah ya ba kowane mamaci mace irina. Na amsa da amin.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Zan rubuta maganar littafin, domin in ga ko hannuna zai iya abin da bakina ya kasa.

Shekarar da aka kawo ni kwaleji, na tarar da wani kwali a bayan biro, wato ofishin darakta, wanda wani malami Banasare ya bari da zai koma ƙasarsu. A ciki akwai littafi marar bango, gara ta cinye shafukan farko, don haka har yau ban san sunansa ko sunan mai shi ba. Irin labaran nan ne na zamanin da bai zo ba, na injuna da taurari. Malam lissafi yake koyarwa, karatu mai tsawo yana gajiyar da shi. Sai na riƙa karanta masa bayan Magariba, ina juya masa da Hausa.

Jirgin yana ciki. Tafiyar da ta wuce rayuwar mutum tana ciki. Jikokin da suka manta suna ciki. Amma babu dabba, babu salla. Malam ya yi ta dariya har da buga cinya. Ya ce, “Hafsatu, wane mahaukaci ne zai bar duniya ba ko akuya ɗaya?” Washegari ya soma zuba wa jirgin garke.

Daga nan ban ga abin da ya bari ba. Ya ɗauki tafiyar da su Samba suka yi kudu a shekarar babbar yunwa, yadda shanu suka riƙa faɗuwa a hanya, ya sa ta cikin jirgi. Ya ɗauki inji mai magana daga wani fim da ya gani a Maraɗi, wanda ƙarar gurub, injin wuta, ta hana shi jin rabinsa, ya cike sauran da kansa. Daga wurina ya ɗauki Iya Mata, tsohuwar da ke tsare lokutan salla a inda rana ba ta fitowa ba ta faɗuwa, wadda ke nuna wa jama'a alƙibla bayan duniya ta zama ɗigo. Ba ta dariya, ba ta yafe jinkiri. Duk garin ya san ni ce. Ban ji haushi ba. Na ji daɗi ma, Allah ya gafarta mini.

A shafin ƙarshe na littafin, mai shi ya yi godiya ga wasu marubuta biyu da suka riga shi, ya ce a jirginsu ya koyi tuƙi. Da na karanta wa Malam wannan, ya ce, “Kin gani? Jirgin nan ba shi da mai shi. Kowa ya shiga sai ya ƙara ɗaki ya fita.” Ya so ya ja maganar har zuwa jirgin Annabi Nuhu, na ce ya kiyayi bakinsa, wancan wahayi ne, ba a haɗa shi da ƙagaggen labari. Ya ce ya ji, amma in duba da kyau in ga ko akwai mai ƙaga jirgin tsira da bai taɓa jin wancan ba.

Bai taɓa ɓoye aron ba. Ba a tambaye shi ba ne kawai. Ni ce bayan rasuwarsa na bar mutane suna cewa daga kansa ya fito da shi, kamar yadda ruwa ke fitowa daga rijiya, na yi ta gyaɗa kai.

Gara ta ƙarasa littafin tuntuni. Ba wanda ya rage da ya san wannan sai ni.

Asabar, La'asar

Na kunna rediyo. Sanarwar ɓatan awaki.

Litinin, da hantsi

Gobe zan je.

Juma'a, da yamma

Samba ya shigo kasuwa, ya biyo ta gida. Ya zauna a zaure, sandarsa bisa gwiwa. Na kai masa ruwa, ya karɓa da hannu biyu ya ajiye a gefe. Har ya tafi bai sha ba.

Mun daɗe muna gaisawa. Ya tambayi zafi, na tambayi daji. Ya ce ciyawa ta ƙare, sai dussa. Ya ce shanun Malam suna nan lafiya, jikokin Wule.

Dole in bayyana Wule. Bayan yunwar nan, Samba ya ba Malam karsana bisa al'adarsu da suke kira habbanaye. Mutum ya ba amininsa saniya aro, ta zauna wurinsa har ta haihu uku. Maruƙan na wanda aka ba aro ne, halal. Uwar ce kawai ake mayarwa, da godiya. Mun mayar da Wule tun da daɗewa, zuriyarta kuma Samba ya ci gaba da kiwata mana cikin garkensa, ba lada, ba lissafi. Wannan zumunci ne ya kawo Haula ɗakina.

Ɗiyarsa ce ta fari, don haka ba ya kama sunanta, kuma kunya ba za ta bar shi ya yi magana a kanta ba. Maganar shanu ya yi.

“Malama, kin san Wule ɗin nan da na ba Malam, ita ma ba a garkena anka haifi uwarta ba. Habbanaye ce daga Rhissa na Azagor. Shi ma Rhissa ban tambaye shi inda ya samo ba.”

Na ce ban sani ba.

“To haka ne. Jan nan da ke wuyan jikokin, na shanun Rhissa ne. Ƙahon kuma na bijimina ne. In na dube su ina ganin mutum huɗu, biyu sun mutu.” Ya ɗan yi murmushi. “Da kowa zai zo ya cire nashi, Malama, da ƙasa za a bar miki da igiya.”

Na ce, “Samba, na ji. Zan gyara.”

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce rediyonsa ya lalace, ya bar wa yara suna wasa da shi. Ya miƙe, ya rataya sanda a kafaɗa, ya dubi gabas inda babu ko ɗigon gajimare.

“Allah ya ba mu ruwa,” ya ce.

Na amsa da amin, zuciyata tana roƙon a jinkirta. Mace mai salla, a ƙarshen bazara, dabbobi suna faɗuwa, tana roƙon a jinkirta ruwa.

Laraba, Magariba

Uwale ta kira. An kai Haula materniti, asibitin haihuwa, tun da hantsi, daga aji. Lokacin haihuwarta bai yi ba.

Na je. Na tsaya ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bakin ƙofa tare da masu sayar da ruwan sanyi, har aka kira La'asar. Na ga uwar mijinta ta fito da ƙwarya ta koma. Ban shiga ba.

Alhamis, bayan Asuba

Ba za a yi suna ba.

Alhamis, Azahar

Ungozoma ta ce zafi ne da yawan tsayuwa. Uwale ta ce zafi ne. Kowa ya ce zafi ne. Allah ne mai rayawa, shi ne mai kashewa, kuma ba ya shawara da harshen wata tsohuwar malama. Na san wannan. Na karantar da shi. Na maimaita wa kaina shi tun safe.

Asabar, da hantsi

Ban je makaranta ba. Na aika a ce ba ni da lafiya.

Lahadi, bayan La'asar

Na yi ta kewaya wani abu tun shafin farko, kuma littafin da ake yi wa ƙarya ba shi da amfani.

Haula ta yi watanni tana karanta labarin ban kira ba. Ina saurare duk Asabar. Na ji ta ɗauki jirgin, ban ce komai ba. Na ji ta sake injin mai magana, ta mai da shi inji da ya haddace muryoyin matattu, har mutanen jirgi suka daina binne kewarsu, suna zuwa wurinsa hira. Malam bai taɓa tunanin wannan ba, kuma ya fi nasa kyau. Na ji ta sa mata su ne masu riƙe asalin kowace saniya da ka. Na ce a raina, yarinyar nan ta ƙara ɗakuna masu kyau.

Ranar da na kira, Iya Mata ce Haula ta taɓa.

Iya Matan Malam sanda ce mai hijabi. Ta Haula tana da akwati. Sau ɗaya a shekarar jirgi, idan kowa ya tafi wurin dabbobi, tana buɗe shi ta fito da majanyi saƙaƙƙe, wanda ba a taɓa goya kowa da shi ba, ta shanya shi a gaban tagar da hasken tauraruwa ke shigowa. Idan wani ya gan ta, sai ta ce saboda gara ne. A jirgin ƙarfe, inda babu gara.

Na sayi nawa majanyin a kasuwar Maraɗi shekarar da aka kawo ni gidan nan. Baƙi ne da ratsin fari. Ban san yarinyar tana kallo ba.

Ba ta yi shi da izgili ba. Na sake jin sa a kaina sau da yawa ina neman izgilin, ban samu ba. Uwale ta ce mata sun yi kuka a gidajensu. Abin da na kasa ɗauka ke nan. Na yarda garin nan ya ji tsorona. Ban yarda ya ji tausayina ba. Ban iya kiran rediyo in ce ta faɗi gaskiya a kaina ba, sai na kira na faɗi ƙarya a kanta.

Na yi niyyar ba Haula majanyin ranar suna. Na wanke shi tun watan jiya.

Talata, bayan La'asar

Na je gidan su Haula. Tana kwance a ɗakin uwar mijinta. Da ta gan ni ta yunƙura za ta durƙusa, na ce ta bari, ba ta bari ba.

“Inna, sannu da rana. Kin sha hanya.”

Na yi mata gaisuwar da ake yi. Ta amsa yadda ake amsawa. Uwar mijin ta fita ta bar mu.

Na ce, “Haula, ki yafe mini.”

“Na yafe miki tun ranar, Inna. Sai dai ba ni kaɗai na ji ba.”

Na soma cewa akwai abin da ba ta sani ba game da labarin, ta tare ni a hankali.

“Littahin? Ni na share ragowarshi daga bayan akwati, shekarata ta biyu a gidanki. Baba Malam ya ba ni labarin yadda kike karanta mishi. Ya ce ke kika hi shi iya muryar mai tuƙin.”

Na ce, to me ya hana ta faɗa ranar, mikro yana gabanta?

“Da na hwaɗa, ke za a zana a allo.”

Na rasa inda zan sa idona. Ta ci gaba, tana duban rufin ɗaki.

“Ranar da za a kai shi asibitin Maraɗi, kin shiga haɗa kaya, ya kira ni. Ya ce, ‘Ɗiyar Samba, ubanki ya ba ni karsana, ni kuwa ba ni da garke sai jirgi. Habbanaye ne. In ya haihu ɗiyan naki ne, uwar ki maido ma Innarki.’ Na so in kai jirgin bakin sauka, sannan kashi na ƙarshe in zo in ɗauke ki, ke ki sauke shi da bakinki, a hwaɗi sunan Baba Malam. Uwale ta sani. Ita ta ce mu ɓoye miki don ki yi mamaki.”

Ta juyo ta dube ni.

“Yanzu na maido, Inna. Da uwa da ɗiya. Na ce ma Uwale ta goge duk abin da anka ɗauka.”

Ba a mayar da maruƙa. Na zauna da mutanen nan na san haka. Wanda ya mayar da maruƙa yana cewa ne ba a taɓa yin zumuncin ba.

Allah ya gafarta mini abin da na tambaya bayan wannan. Na ce, “A ina zai sauka?”

“Naki ne. Ki sauke shi inda kike so.”

Ta ce idan ta samu ƙarfi za ta tafi Azagor wurin dangin mijinta, kuma ta nemi a mayar da aikinta can. Ta yi mini godiyar zuwa. Ta ce in gaida gida, ita da ta san ba kowa a gidan.

Alhamis, da hantsi

Na kira Uwale. Ta ce Asabar, a lokacin shirin. Gajimare ya soma taruwa a gabas da yamma, yana watsewa.

Na yi azumi. Na maimaita magana ta biyu a gaban bango har ta zauna a bakina.

Asabar, bayan Magariba

Ɗakin rediyon ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da katifa. Kujerar roba ce. Uwale ta nuna mini wata jar fitila a saman ƙofa.

“In tana ci, Madam, har Korahane ana jin ki. In ta mutu, daga ke sai Allah. Kar ki ji tsoro, ba a ba da maki.”

Fitila ta kama. Na yi sallama, na yi salati. Na ce ni ce Hafsatu, matar marigayi Mushe Mai Jirgi. Na ce Haula ɗiyar Samba ba ta yi sata ba, marigayi ne ya ba ta labarin da bakinsa. Wannan ta fita ba wuya.

Sai na tsaya a bakin ta biyu. Na yi maganar haƙƙin maƙwabci. Na yi maganar haɗarin harshe, kamar ina makaranta. Na ja aya, na fassara ta. Ina jin kaina ina kewayawa kamar jakin da ke jan guga. Uwale tana juya mini hannu alamar in ci gaba. Na ce, “Sannan kuma...”

Aka ɗauke kuran. Fanka ta tsaya, fitila ta mutu. Uwale ta yi tsaki ta fita da gudu tayar da gurub.

Na dubi fitilar, na tabbata ta mutu. Sannan na matsa kusa da mikro na faɗa duka. Kwalin, da littafin marar bango, da karatun bayan Magariba, da marubutan nan biyu da aka yi wa godiya. Na ce Malam aro ya yi kamar yadda wanda ya ara masa ya ara. Na ce na san haka ranar da na kira, ƙarya na yi da gangan. Har majanyin na faɗa. Muryata ba ta taɓa fita da kyau haka ba.

Gurub ya tashi. Fitila ta kama. Uwale ta shigo tana haki, ta zauna.

“Masu saurare, ku yi haƙuri, kun san halin mutumin namu kuran. Madam, an yanke mu daidai inda kika ce ‘sannan kuma’. Bismilla.”

Na ce, “Sannan kuma ina roƙon jama'a a bar maganar haka nan. Na gama.”

Uwale ta dube ni. Ta daɗe tana dubana, fitila tana ci. Sannan ta buɗe layi.

Mai kira na farko ya ce Allah ya saka wa Malama, manya su ne da haƙuri, ta rufa wa yarinya asiri. Na biyu ta ce ita ba za ta iya yafe irin wannan ba, amma Malama ta Allah ce. Na uku ya ce to yarinya sai a kiyaye gaba.

Ba wanda ya ji cewa ba ta yi sata ba. Abin da suka ji shi ne an yafe wa ɓarauniya. Na zauna a kujerarta ina amsawa da amin.

Lahadi, Azahar

An kawo mini kwanon abinci daga gida uku.

Uwale ta aiko cewa Asabar mai zuwa ma filin a buɗe yake. Na ce zan duba.

Litinin, da hantsi

Motar Azagor ta tashi da Haula. Maƙwabciyata ce ta gan ta a tasha.

Laraba, bayan La'asar

Ina sallame Azahar na ji kukan shanu a ƙofar gida. Na fita na tarar da Samba yana ɗaure su a jikin bedi, jikokin Wule, da jan nan a wuyansu. Bai shiga zaure ba.

“Na ji rediyo, Malama.”

Na ce, “Ka ce ya lalace.”

“Na sa an gyara shi don Asabar.” Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. “Ga dukiyar Malam. Ba wadda ta ɓace. Ki nemo musu wani makiyayi, ni na tsufa.”

Na ce ya tsaya ya sha ruwa. Ya ce hadari ya taso, hanyarsa da nisa.

Na shigo da su tsakar gida ni kaɗai. Ban san abin da zan ba su ba. Sun tsaya suna duban ƙofa inda ya bi. Iska ta tashi, ta kwashe tabarma, gari ya yi duhu, yara suka fito titi suna ihu. Na tuna majanyin yana kan igiya tun safe. Na bar shi.

Yanzu ina zaune a bakin ɗaki, takardar tana jiƙewa. Ƙasa tana ƙamshi. Ko'ina a garin nan ana gode wa Allah, kuma ya cancanci godiya.

Ruwan farko ya sauka. Ban cika alkawarina ba.